Lakca ta yi arha, takardar ce ta yi tsada

Wallahi abin nan na tsadar jami'a ya daɗe yana ci min rai. Yau in kana da waya da data, lakcar da ake yi wa ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka za ka kalle ta kana kwance a ɗakinka, tun 2001 suka sanar za su zuba kayan karatunsu a intanet kyauta. A 2011 wasu malamai biyu a jami'ar Stanford suka buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira ga kowa da kowa, mutum wajen 160,000 suka yi rajista, shekara na zagayowa sai ga Coursera da edX, shafukan da ke ba da kwasa-kwasan jami'a ta intanet, aka yi ta murna ana cewa shi ke nan ɗan talaka kakarsa ta yanke saƙa.

To a 2012 ɗin nan dai Ingila ta ɗaga kuɗin jami'a zuwa fam 9,000 a shekara daga dubu uku da ɗoriya. A Amurka kuwa bashin karatu da ke wuyan mutane ya haura dala tiriliyan 1.7, mutum ya yi aure ya haihu har furfura ta fara fitowa bai gama biya ba. Ka ga kenan ba lakca ake saya da wannan uban kuɗi ba, takardar shaida ake saya, da malamin da zai karanta aikinka ya ce nan ka yi kuskure sake, da ɗakin gwaji, da abokan karatun da za su ja ka in ka fara sanyi. Kuma wannan na ƙarshen mutane suna raina shi fa, alhali yawancin masu shiga kwasa-kwasan kyautan nan ba sa kaiwa ƙarshe, waɗanda ke gamawar ma da yawansu dama suna da digiri a hannu, sun riga sun iya zama su yi karatu su kaɗai ba mai tsaya musu a kai.

Ni ba na ƙin karatun intanet ko kaɗan. Mai aiki da iyali, ko matar da take reno, ina za su samu shekara huɗu su tare a makaranta? Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fara mastas ɗin kwamfuta ta intanet a 2014 a kan kusan dala 7,000 gaba ɗaya, takardar kuma iri ɗaya da ta wanda ya zauna a aji, wato in an so a sauƙaƙa ana iyawa. Abin da ya ƙona min rai shi ne lokacin korona a 2020, aka kora ɗalibai gida aka koma Zoom, amma jami'o'i da yawa suka karɓi kuɗinsu cif-cif, har ɗalibai a Amurka suka yi ta kai ƙara kotu.

Tsorona kar a wayi gari ɗan mai hali yana gaban farfesa ana duba masa aiki layi-layi, ɗan talaka kuma an haɗa shi da bidiyon da aka ɗauka shekaru biyar baya da kwamfuta mai yi masa maki, sannan a ce duk digiri ne. Jami'ar da ta mayar da kwas intanet, to ta rage kuɗin a gani a ƙasa, rarar da ta samu ta gini da wuta ta ɗauki malaman da za su riƙa amsa wa yaran nan tambaya, ta kuma tanadi wurin gwaji ko da na sati biyu ne a zango, don ba a koyon allura ko haɗa inji ta kallon waya.