Ni da tsuntsayen Saskatoon

Wato lokacin da muka tare a gidan haya a Saskatoon, can Kanada, mun tarar da wata 'yar bishiya a bayan gida, tsayinta bai fi nawa da kaɗan ba. Tsakiyar hunturu ne, sanyin da ke kaiwa 30 ƙasa da sifili, ba ganye ko ɗaya sai ƙirare, na ce wa uwargida wannan ai ta mutu bari in sare ta mu samu wajen shanya. Allah ya taimaka ba ni da gatari.

Watan Mayu sai ga ta fari fat da fure kamar amarya. Yuli na kamawa ta cika da 'ya'ya ƙanana kamar magarya, ni kuma na kafa doka a gidan, kar wanda ya taɓa, abun da aka shuka don ado ai guba ne. Rannan sai ga tsohuwar baturiyar da ke maƙwabtaka da mu ta miƙo hannu ta kan shinge tana tsinka tana watsawa a baki, ni ina ta salati ina jiran ta faɗi, ita tana min dariya. Ta ce garin ma kaf sunan 'ya'yan itacen nan ya ci, daga yaren Cree, wata ƙabila ta 'yan asalin Kanada, a Amurka kuma juneberry ake ce musu. Dangin tuffa ne, 'yan asalin ƙasar busar da su suke yi su kirɓa da busasshen nama da kitse, kusan dambun naman mu dai, guzurin sanyi.

Da zumuɗi na tsinko jajaye cike da kofi, na tauna salam. Ashe sai sun yi duhu sun kusa baƙi suke zaƙi. To, na ce kwana uku ai ba yawa.

Ashe ba ni kaɗai nake lissafin kwanakin ba. Tsuntsayen nan masu jan ƙirji tun asuba suke sallama. Tsohuwa ta ce in sayo raga, ni kuma ɗan Kano, in kashe dala alhali ga gidan sauron da Hajiya ta cusa min a jaka? Na lulluɓa shi ban ɗaure ƙasan ba, wallahi sai suka dinga shiga ta ƙasa suna cin abinsu a inuwa kamar na kafa musu rumfar biki. Na kutsa ciki zan kore su, ƙafa ta harɗe, sai ga ni a ƙasa a naɗe kamar kifi a koma, uwargida daga taga tana cewa "Baban Amira tsaya haka kar ka motsa, bidiyo nake ɗauka wa Hajiya."

Ƙwaya 11 na tsira da su. Akwai zaƙi kam ba ƙarya, Amira ta cinye 9.

Sauran kuwa ranar Juma'a tsuntsayen suka dawo min da su, ɗis ɗis ruwan shuni, a kan farar shaddata da na shanya.