Kofur Ya Kalli Samanja Tun Ranar Farko

Bayan isha'i ne, a teburin Ilu mai shayi da ke bakin tashar wani ƙauye a ƙasar Ringim. Sagiru ɗan boko yana ta dariya shi da wayarsa. Baba Kofur na gefe cikin kakinsa da ya koɗe, Bakatsine mai tireda kuma yana tsoma burodi a shayin da bai biya ba.

Baba Kofur: Kai Sagiru, muryar wa nake ji? Ƙaro mini ƙarar.

Sagiru: Samanja ne, Baba, Mazan Fama. Wani ya zuba tsofaffin wasannin kwaikwayonsa na talabijin a YouTube.

Baba Kofur ya miƙe zumbur ya ƙame, rabin shayin ya tafi a wando.

Baba Kofur: Allah ya jiƙan maza! Wannan tun fitowarsa ta farko nake kallonsa, ko mako ɗaya bai wuce ni ba.

Ilu: A ina, Baba?

Baba Kofur: A ƙofar gidan dagaci mana.

Sagiru: Baba, a 1973 fa aka fara shi a Kaduna, zamanin Gowon, shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Ko NTA ba a kafa ba sai 1977.

Ilu: Mu kuma da turakun wuta suka iso garin nan har an yi jihar Jigawa. Wayar ce dai muke jira har gobe.

Baba Kofur: Da batirin mota muke kunnawa.

Ilu: Motar wa? Dagacin lokacin doki gare shi.

Baba Kofur: To, a rediyo na kalla.

Aka yi shiru. Gaskiyar magana, an yi shirin a rediyon Kaduna ma, don haka tsohon bai faɗi ƙasa warwas ba.

Bakatsine: Ku bar shi, ya kalla. Ni abin da ke ba ni haushi, kuna ta yabon mutum ba ku nemi izinin ubangidansa ba. Usman Baba Pategi sunansa, Banufe ne daga ƙasar Kwara. Bawanmu ne. Mu Katsinawa muka ba ku aronsa.

Ilu: Ji shi! Duk wanda ya yi suna bawan Bakatsine ne, amma kuɗin shayin shekaranjiya ya gagare shi.

Bakatsine: Bahaɗeje, yi mini shiru. Kai ma a cikin gādo na same ka.

Sagiru: Alhaji, bawan naka ɗan gidan sarautar Pategi ne fa. Kuma sojan gaske ne, sai 1985 ya ajiye kaki. Shi ya sa idan ya daka tsawa a wasan, har kai mai kallo sai ka gyara zama. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023.

Baba Kofur: Mu sojoji mun san namu. Kafin shi, kai yaro, mutum ya hango kaki sai ya faɗa gonar dawa, don ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Shi ya nuna wa duniya soja ma yana da iyali, ana cin bashi a bariki, ana rigimar maƙwabta, albashi yana ƙarewa kafin wata. Sai mutane suka fara yi mana dariya a gabanmu.

Wannan kam ya faɗi daidai, ko da yake “mu” ɗin nan tasa tana da ƙura.

Ilu: Baba, wai wace bataliya ka yi?

Baba Kofur: Sirrin soja ne.

Bakatsine: Bataliyar firamare ta gabas. Shekara nawa yana gadin ta da gora? Kakin nan kuwa a gabana ya taya shi a gwanjon Ƙofar Wambai.

Baba Kofur: Kai, shiga taitayinka! Ina magana kina magana? Zan sa ta yi tsallen kwaɗo daga nan har bakin rijiya!

Sagiru: Kun ji ko? Hausar bariki ke nan, a mai da namiji mace, a yayyafa Turancin buroka. Baba ko Kaduna bai taɓa kwana ba, amma da ransa ya ɓaci sai ta zubo.

Ilu: To Baba, tunda muƙamin daga rediyo ka samo shi, me ya hana ka ɗauki Samanja gaba ɗaya? Ka tsaya a Kofur?

Baba Kofur: Gurbin ya cika. Lokacin akwai Samanja mai injin niƙa, akwai Samanja hedimasta da ke zane yara a kan makara. Na nemi Mutuwa Dole, aka ce direban a-kori-kura ya riga ni, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san ya cancanta.

Bakatsine: Shekara arba'in ba ƙarin girma?

Baba Kofur: Ina jira. Hedimasta ya rasu, mai niƙa kuma ƙafa ta fara ciwo.

Sai ga wata 'yar yarinya da tocilan.

Yarinya: Baba, Inna ta ce sukarin da ta aike ka tun magariba, a Bacita ake noma shi? Ta ce za ta saka sakata.

Baba Kofur ya gyara hula, ya karɓi ƙullin sukari a hannun Ilu, ya juya da saurin da ba a san shi da shi ba.

Bakatsine: Ashe akwai Samanja na uku a garin nan.

Baba Kofur: Wane Samanja? Waccan Janar ce, juyin mulki ta yi tun daren biki.

Ilu: Baba, kuɗin shayi da na sukari fa?

Baba Kofur: Rubuta a sunan gwamnatin tarayya. Fanshona bai fito ba.