"Na Saba" Ba Haƙuri Ba Ne

Jiya da yamma na ci karo da wani matashi yana ɗingishi, ya naɗe ƙafarsa da tsumman da ya yi baƙi don dauɗa, ƙudaje suna bin sa. Na tambaye shi tun yaushe ciwon yake, ya ce ya kusa wata huɗu. Na ce, "Yaro, me ya hana ka zuwa a duba maka?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai na saba." Wallahi maganar nan ta fi ciwon ɓata mini rai.

Ya ku matasa, kalmar sabo daga "saba" ta fito, wato yawan cuɗanya da abu har ya daina zama baƙo. Ana sabawa da mutum, ana sabawa da aiki, ana kuma sabawa da wuya. Amma Bahaushe bai haɗa ta da juriya ko haƙuri ba. Mai juriya yana jin zafin, yana cijewa domin akwai inda ya nufa, shi kuwa wanda ya saba ya daina jin zafin ne gaba ɗaya. Shi ya sa magabata suka ce sabo turken wawa. Dabbar da ta daɗe a turke, ko an kwance mata igiya, nan za ka dawo ka iske ta.

Dubi kantar hannu. Hannun da ya sha fartanya fatarsa tana kauri domin aiki ya ci gaba, wannan kanta ce mai amfani. Amma masu kuturta da masu ciwon suga, idan jijiyoyinsu suka lalace, sukan taka ƙaya ko garwashi ba su sani ba, har rauni ya ruɓe a rasa yatsa ko ƙafa. Rashin jin zafi shi ne cutar. A 1967 masu bincike a Amurka, Martin Seligman da Steven Maier, sun nuna cewa karnukan da aka yi ta azabtarwa ba tare da mafita ba, daga baya ko an ba su hanyar tsira sai su kwanta kawai suna kuka.

Haka muka koma. Ɗaki yana yoyo shekara uku, an saba. Ana danne wa mutum haƙƙin guminsa, ya saba. Yarinya tana shan duka a gidan aure, a ce mata za ta saba. Abin haushi ma, wasu sun mai da wahala abin tinƙaho, suna kwana a Facebook suna gasar wanda ya fi shan wuya, alhali lokacin da suka ɓata a waya ya isa su gyara abu guda. Sai a fake da cewa wuya ba ta kisa. Tana kisa mana, idan aka rungume ta aka daina neman magani! Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ku farka, ku riƙa tambayar kanku ko abin nan haƙuri ne ko mutuwar zuciya. Iyayenmu sun sha wuyar da ta ninka tamu, amma ban taɓa jin mahaifina ya ce ya saba da yoyo ba. Kafin hadari ya haɗo ya hau ya gyara, kuma kunya yake ji maƙwabci ya riga shi gani. Yau babu mai jin wannan kunyar, kuma babu babban da zai tsayar da yaro a hanya ya ce masa, "Kwance tsumman nan in gani."