Wai babban ya fi auki

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi nake cika baki a majalisa cewa keke zan saya, kowa ya gaji da ji, har sai da lita ta haura naira 1000 a 2024 sannan aljihuna ya yanke hukunci ba tare da ya shawarce ni ba. Daga Rijiyar Zaki nake fitowa kullum zuwa shago a Sabon Gari, duk wanda ya san abin da ɗan adaidaita yake karɓa yanzu daga Kabuga zuwa Bata ya san ba sai likita ya yi min wa'azin motsa jiki ba. Kuma ni ba irin Rali ko Phoenix ɗin da iyayenmu suka hau nake so ba, a'a, na hawan dutse nake so, mai giya, mai faɗin taya da shoka a gaba, saboda layinmu in damina ta sauka sai mai rabo yake fita da tsaftar wando.

Abin da ban taɓa ji ba tunda nake shi ne wai keke yana da saiz. Mu da muka koyi tuƙi a keken baba, ƙafa ɗaya a zure ta ƙarƙashin sanda, jiki a karkace, ko sirdin ba ma kaiwa, wa ya taɓa tambayar ko ya yi mana daidai? Ƙanina ne ɗan jami'a, sarkin bincike a waya, ya turo min wani jadawali ta WhatsApp, S, M, L, XL, ko kuma da inci, 15, 17, 19, 21. Wai lambar nan tsawon bututun da sandar sirdi take shiga ciki ne, ana auna shi daga tsakiyar inda feda take juyawa zuwa bakinsa na sama. Ba girman taya bane, taya lissafinta daban, 26 ko 27.5 ko 29, kuma yawancin na gwanjon da suke zuwa mana 26 ne. Na duba tsayina, santimita 178. Jadawalin yace 17 a wajen 178 yake ƙarewa. 19 kuma daga wajen 178 yake farawa. Nace to madalla, duk faɗin jadawalin nan ni aka zaɓa aka ajiye a kan layi, ni ba can ba ni ba nan ba.

Yaron yace Yaya ai akwai yadda ake raba gardama, ka buɗe hannuwanka duka biyu a auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa, in ya fi tsayinka ka ɗau babban, in bai kai ba ka ɗau ƙaramin, sannan a auna ƙafarka ta ciki tun daga ƙasa. To ni ina zan samu tef in ba wajen tela ba. Haka na je na manna baya a bangon shagon mutumin nan na baje hannuwa, yana riƙe da tef ɗaya gefen yaronsa yana riƙe da ɗayan, wani maƙwabcinsa ya leƙo yace lallai, babbar riga za a yi, Malam ƙari za a yi ne ba mu da labari? Tsayi inci 70, hannu 68 da rabi. Sai aka zo awon ƙafa, wai sai na cire takalmi na matse littafi a tsakanin cinyoyina, littafin awon telan muka sa, mai sunayen duk masu bashi a ciki. Ya durƙusa ya auna ya miƙe ya sake durƙusawa. Yace Malam shekara da shekaru ina ɗinka maka wando ban taɓa faɗa maka ba saboda kunya, amma gaskiya tsawon nan naka duk a wuya yake.

Wato dai hannu yace 17, ƙafa tace 17, tela ma yace 17. Da wannan ilimin na shiga kasuwa.

Can wajen masu kekunan Beljiyam, an jera su wasu a tsaye wasu a rataye, na samu guda biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, kala ma kusan ɗaya, ɗaya 17 ɗaya 19, kuma kuɗinsu ɗaya. Wannan kuɗi ɗayan shi ya kashe ni. Mai kekunan ya dafa babban yace Alhaji, kuɗi ɗaya fa, wannan ƙarfensa ya fi yawa, ya fi auki, ko sayarwa ka tashi yi kafin ka rufe baki an ɗauka. Abokina da na ɗauko don ya taya ni ciniki, wanda rabonsa da hawa keke tun muna firamare, shi ma ya kama, yace haba kai da girmanka da iyali ka hau ƙaramin nan ai sai a ce na ɗanka ka ɗauko. Kuma maganar ta shige ni, don haka aka raine mu, kayan sallah Inna ba ta taɓa bari a ɗinka mana daidai ba sai da ƙari, wai za mu girma a ciki. Sai dai ni na haura arba'in, girman da ya rage min ɗaya ne, kuma ta gaba yake fitowa.

Duk da haka nace sai na yi gwajin da aka koya min. Za ka tsallaka keken ka tsaya ƙafafunka biyu a ƙasa, sandar tana tsakaninsu, ana so a samu fili ko na santimita 5 ne, yatsu uku kenan, tsakaninka da ƙarfen. A 17 ɗin na tsaya lafiya lau. A 19 ɗin kuwa matsalar ita ce shadda ce a jikina, doguwar riga har gwiwa da wando mai faɗi, ta sauka ta rufe komai, babu wanda yake ganin abin da ke faruwa a ƙasa har ni kaina. Mai kekunan ya sunkuya ya leƙa ya ɗago da murmushi yace akwai fili Alhaji, har mota sai ta wuce. Ni kuma na san a kan yatsun ƙafa nake tsaye, ga takalmin ma mai tudu ne, amma mutum shida suna kallona wa zai ce a gaban jama'a keke ya fi shi tsawo. Gwajin tuƙi kuwa daga bakin shagon zuwa wajen mai rake ne kawai, cunkoso bai bar ni na juya feda sau biyu a jere ba. Na biya, aka ƙara min iska kyauta.

Kar in ci haƙƙinsa, a miƙaƙƙen titi keken nan daɗi gare shi. In na gangara gadar ƙasa ta Kabuga da sassafe kafin motoci su yi yawa, ko girgiza ba ya yi, don babban keke tayoyinsa sun fi nisa da juna, shi yasa yake zama daram in ana gudu. Har ina ji a raina ai ƙanina karatu ne ya yi masa yawa.

Sai jiki ya fara kawo ƙara. Kan keken ya yi min nisa, sai na miƙe hannu gaba ɗaya gwiwar hannu ta sandare kafin na kamo birki, duk ramin da na faɗa kai tsaye yake tahowa kafaɗa. Tafin hannu ya dinga mutuwa, wuyan nan da tela ya yaba masa tsawo kullum a ɗage don na ga gabana, ƙugu kuwa ba a magana, in na yi ruku'u sai na yi shawara da bayana kafin na ɗago. Na kira ƙanina yace ai bambancin nisan hannu tsakanin saiz biyun bai fi santimita 2 zuwa 3 ba. Nace wallahi ƙarya ne, wannan ya kai kamu guda. Yace to Yaya ka riƙe bokitin ruwa kusa da jikinka sannan ka ɗan matsar da shi gaba kaɗan ka tsaya minti arba'in, sai ka kira ni. Maman yara ita ba ta shiga lissafi ba, kallona kawai ta yi ina shafa man zafi tace Malam wai kai kake tuƙa keken nan ko shi yake tuƙa ka?

Wata rana nace bari na yanke ta cikin gari na huta da gosulo. Duk wanda ya san lungunan wajen Kurmi ya san kwana ce a kan kwana, ga kwata a tsakiya ga awaki ga mai kurar ruwa da ba ya kauce wa kowa. Nan na gane dogon keke ba ya son lungu, kafin gaba ya gama shan kwana baya yana can yana gaisawa da bango. Rabin tafiyar tura shi na yi, yara suna bina suna tambaya ko mai ne ya ƙare.

Babban al'amarin dai a wajen Tal'udu ya faru. Ina biye da wani adaidaita, wata mata ta ɗaga hannu a gefen titi, kun san su, ba sigina ba komai ya tsaya cak a gabana. Na damƙe birki biyu, keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na zame daga sirdi na yi gaba, ƙafafuna suka tafi neman ƙasa, kuma kafin su same ta sanda ta riga ta same ni. Filin nan da aka ce mota za ta wuce, jama'a, ko allura ba za ta wuce ba.

Ban faɗi ba, da ma faɗuwar na yi da ya fi min mutunci. Tsayawa na yi a rungume da kan keke, baki a buɗe, babu sauti. Ɗan adaidaitan ya leƙo yace Oga ai ban taɓa ka ba ko, na ɗaga masa hannu ya tafi don ba ni da muryar yin faɗa. Wani ya miƙo min fiya wata. Sai wani dattijo da ke zaune a benci yana jan carbi ya dube ni da tausayi yace sannu yaro, sanda ce ko? Na gyaɗa kai. Yace mun sani, duk mun bi ta nan, zauna ka huta kar ka yi magana tukunna. Da na isa gida maman yara tace me ya samu tafiyarka, nace motsa jiki ne ya fara aiki.

Washegari na tura shi wajen mai gyaran keken unguwarmu nace a rage masa girma ko ta halin ƙaƙa. Ya fara da sirdi, yace na hau na ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, in ƙafa ta miƙe sak to tsayin ya yi. Da aka daidaita sai ga sandar sirdin ta kusa nutsewa duka cikin bodi, ɗan kaɗan ne ya leƙo. Yace kaga shaida nan, keken da ya yi maka daidai sai an ga sandar sirdinsa a waje sosai. Ya cire wuyan da yake riƙe kan keken, dogo ne mai milimita 100, ya sa min gajere mai 60, hannuna ya ɗan samu sauƙi. Ya turo sirdin gaba, sai gwiwa kuma ta fara ciwo, muka mayar. Nace to sandar da ta same ni fa? Yace Malam ita sanda tana nan inda kamfani ya ajiye ta. Ƙaramin keke ana ƙara masa, ka ja sirdi sama muddin ba ka wuce layin da aka zana a jikin sandar ba, ka sa dogon wuya, shikenan ya zama naka, amma babba sai dai zarto. Nace to a kai wa mai walda mana. Ya ɗauko maganaɗisu ya manna a jikin bodin ya faɗo ƙasa, yace alminiyam ne, waldar bakin titi ba ta yi masa, in ka yanka shi ka haɗa wata rana a gadar Kabuga za ku rabu, kai da tayar gaba ku yi Tal'udu, sauran ya koma gida.

Akwai wani 17 da aka kawo masa faci, yace na ɗan zaga da shi kafin mai shi ya dawo. Gwiwar hannu ta lanƙwashe yadda ya kamata, kwana tana shan kanta, na tsaya na sauke ƙafa biyu babu fargaba. Yana da ɗan rawar kai in an yi gudu, ba shi da natsuwar babban, amma ni ina zan je da gudu a Kano.

Sai na koma kasuwa da nawa. Mutumin nan da bakinsa, wanda yace kafin na rufe baki an ɗauka, ya zagaya keken yana tsaki yace kai Alhaji, 19 ne fa, ba ya tafiya, wa yake da wannan tsawon a garin nan? Nace ba kai kace ya fi auki ba? Yace ai aukin ne matsalar, ya yi yawa. 17 ɗin yana nan a rataye inda na bar shi, amma wai yanzu kuɗinsu ba ɗaya bane, dala ta motsa, in ban yarda ba na je Wapa na tambaya. Muka yi ta ja, na rantse ya rantse, ƙarshe na yi ciko mai zafi, ya yi alkawarin zai haɗa min da famfo.

Ina tsaye ina jiran yaronsa ya kawo famfon sai ga wani bawan Allah, da ƙyar ya kawo min kunne, sanye da shadda har ƙasa, ya dafa tsohon kekena yana tambayar nawa. Naji mai shagon ya gyara murya yace Alhaji wannan ƙarfensa ya fi yawa, ya fi auki. Na buɗe baki, ya juyo ya kalle ni, ya kalli hanyar da yaron famfo zai ɓullo. Sai kawai nace Malam, in za ka gwada ka tattare rigarka sama, ka cire takalmi. Mutumin yace saboda me? Mai shago yace Alhaji a gaida gida, famfon ma na tuna ya ƙare.