Yawan garke ba shi ne yawan kitse ba

Mutane da yawa a Maraɗi na ɗauka cewa tun da dabbobin Nijar sun ƙaru, kitsen da ƙasar ke samarwa ma ya ƙaru daidai da su. Lissafin ba haka yake tafiya ba.

Kitse a wurin yanka ake ƙirga shi. Bijimin da aka yi wa kiwon turke a Tasawa, aka ɗora a mota ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da ransa, kitsensa ya shiga lissafin Najeriya ke nan, ko da a nan ya ci dusa da harawa. Ragunan layya kuwa, da ake yankawa a tsakar gida a soye naman da kitsensu, akasarinsu ba su bi ta mayanka, sai dai a ƙiyasta su.

Sannan akwai ciyawa. Bayan farin 1973 da na 1984, dabbobin da suka tsira ma sun rame ƙwarai. Tambayi kowane mahauci: saniyar ƙarshen rani, ka buɗe cikinta da ƙyar ka ga farin kitse a kan ƙoda, alhali ta kaka cike take. Shi ya sa adadin ke hawa da sauka tare da damina, ko da garken bai ragu ba.