Ranar da Dama Ta Koma Hagu

Tun da na tare a wani ƙaramin gari na jihar Ohayo a Amurka, ba ni da abin da ke hana ni barcin daren Juma'a kamar rurin injin da ke tashi daga garejin maƙwabcina. Wata rana na ɗaura niyyar zuwa in yi masa ƙorafi cikin ladabi, amma da na leƙa sai na tarar da shi kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota marar gilashi ko ɗaya, wadda aka zagaye cikinta da bututun ƙarfe kamar keji, kuma kafin in buɗe baki ya miƙo hannu ya ce in ba shi sifana. Ƙorafin da ban yi ba ke nan har yau.

A nan na fahimci cewa bayan babban tseren motoci na NASCAR da ake nunawa a talabijin, akwai wani na talakawa da ake yi daren Asabar a ƙananan filaye waɗanda zagayensu bai kai mil guda ba, da yawansu na jar ƙasa. Burin maƙwabcina shi ne wata rana ya taka filin Eldora, mai rabin mil, wanda Earl Baltes ya buɗe a 1954 kuma direban NASCAR Tony Stewart ya saya a 2004. Kafin wannan rana ta zo, ma'aikatansa su ne matarsa mai riƙe da littafin lissafi, da surukinsa, wani tsohon bakanike da nake kira Baba, wanda ba ya furta kalma goma a yini. Da suka tambaye ni ko na san aikin taya, sai na gyara tsayuwa na ce ai a rumfar mai faci na tashi a Zariya. Gaskiyar magana kuwa, iyakar aikina a rumfar nan shi ne tsoma tub a cikin ruwa ina jiran in ga inda kumfa zai fito.

Asabar ta zo, muka ɗora motar a tirela muka nufi wani ƙaramin fili da ke tsakiyar gonakin masara. Tankar ruwa ta jiƙa ƙasar, motoci suka yi ta zagayawa a hankali suna danne ta, laka kuma tana ta fallatsa a kan kowa ba tare da ta tambayi muƙaminsa ba. Baba ya ja ni gefe ya yi mini bayani mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce a irin wannan fili mota hagu kawai take juyawa tun daga farko har ƙarshe, don haka ana sa tayar baya ta dama ta ɗara ta hagu faɗin zagaye, yadda motar za ta riƙa karkata hagu da kanta, kamar kofin shayi da aka kwantar aka gangara. Ya ɗauko tef ya zagaye kowace taya a gabana, bambancin ya kama inci 2, sannan ya ce, "Ɗana, babbar a dama." Na ce, "An gama, Baba."

Tayoyin suna jingine a gaban motar. Na tsaya ina fuskantar hancinta, na gangara babbar ta hannun damana, ƙaramar ta hannun haguna, na ɗaga jak, na ɗaure notuna biyar-biyar da ƙarfin da ko mai facin Zariya zai sa mini albarka. Har na goge hannu a wando irin na ƙwararru. Ko kusa bai faɗo mini a rai ba cewa daman mutumin da ke fuskantar mota shi ne hagun direban da ke zaune a cikinta.

Aka ɗaga koriyar tuta a tseren share fage mai zagaye 8. A kwana ta farko sauran motoci suka lanƙwasa hagu kamar awaki sun ga ƙofar gida, tamu kuwa ta yi biris da sitiyari ta nufi katanga da natsuwar wanda ya san inda za shi. Maƙwabcina ya yi kokawa da ita zagaye biyu, a na uku ta ƙi sulhu, ta je ta sumbaci katangar, tururi ya tashi, aka ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa. Ni kuma ina bakin shinge ina girgiza kai, har ina gaya wa matarsa cewa a ganina ruwan da aka zuba wa filin ya yi yawa.

Da aka jawo motar, lagireto ya fashe, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba ya lanƙwashe, babban tsere kuma saura ƙasa da awa guda. Abin da ya biyo baya ne ya ɗaure mini kai. Wani direba da maƙwabcina ya shafe mako yana tsine wa saboda ya taɓa tura shi waje a kwana, shi ne ya fara isowa rungume da lagireton da ya ajiye don kansa. Wasu samari biyu daga tirelar da ke kusa suka shige ƙarƙashin motar ba sallama, wata dattijuwa ta riƙe fitila, wani ya jawo na'urar walda. Babu wanda ya yi zancen kuɗi, alhali dukansu za su fita nan da ɗan lokaci su yi ta neman hanyar wuce shi. Ni ma an ba ni aiki daidai da matsayina, wato kankare laka daga jikin motar.

Ina cikin kankara na hango Baba ya durƙusa da tef ɗinsa. Ya auna ta dama, ya yi shiru. Ya zagaya ya auna ta hagu, ya ƙara yin shiru, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabaransa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ɗauki takalmina ba. Na ajiye makankara na faɗi gaskiya duka, har da batun tub da kumfa. Maƙwabcina ya dube ni, ya dubi motar, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a kan taya, kuma kafin a sauya tayoyin labarin ya zagaye tireloli duka da saurin da motarmu ba ta yi ba a daren. Da na keɓe bayan tirela don sallar magariba, na ji samarin nan sun kashe janaretonsu sai da na sallame, ko da yake ina sallamewa suka tambaye ni ko na tabbata ban juya wa gabas baya ba.

Maƙwabcina ya tashi daga layin ƙarshe a babban tseren mai zagaye 20, ya ƙare a tsakiyar ayari, kuma matarsa ta ce kuɗin da aka ba shi bai biya man da muka ƙona a hanya ba. Duk da haka aka kunna gawayi, aka gasa mini naman sa a gefe guda, mai lagireton ma ya zo ya ci.

Washegari Baba ya kira ni gareji riƙe da gwangwanin fenti, ya ce in gaya masa yadda ake faɗin ɓangarorin biyu a harshenmu, zai rubuta su a jikin motar don amfanina. Na ji daɗi ƙwarai, na je na tsaya a gaban motar, na ɗaga hannu na nuna masa inda zai rubuta "dama". Baba ya ajiye gwangwanin a hankali, ya kama kafaɗuna biyu, ya juya ni.