Mun Zagi Manaja, Wa Ya Tambayi Ɗan Majalisa?

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa.

Duk ranar da labari ya fita cewa shugaban wata hukumar sufuri ta jiha ya yi wa dukiyar jama'a riƙon sakainar kashi, na san abin da za mu yi tun kafin mu fara. Wani zai ɗauko hoton motocin safa a jere a harabar hukumar, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Wani ya tono hoton ranar da aka ƙaddamar da su ana tafi. Sai mu rabu gida biyu a Facebook, masu zagin manaja har da iyayensa, da masu kare shi don ɗan jam'iyyarsu ne. Bayan kwana uku ƙura ta lafa, motocin kuma suna nan inda suke.

A duk wannan hayaniya da wuya ka ji an ambaci ɗan majalisar dokokin jiha. Alhali manaja naɗa shi aka yi, bai taɓa zuwa neman ƙuri'armu ba. Ɗan majalisa ne muka sha rana a layi dominsa, kuma shi doka ta damƙa wa sandar tambaya.

Ku buɗe Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ku duba sashe na 128. Ya ba majalisar jiha ikon bincikar duk wani mutum ko hukuma da ke kashe kuɗin da ta ware, domin ta tona cin hanci, ko rashin iya aiki, ko almubazzaranci. Ku lura da waɗannan biyun na ƙarshe. Ba sai an kama mutum dumu-dumu da sata ba; wanda ya bar motocin gwamnati suka ruɓe saboda sakaci ma ya cancanci titsiye. Sashe na 129 kuma ya ce majalisa na iya kiran kowa ya zo ya ba da shaida da takardunsa, idan ya ƙi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba a yanka masa sammaci, 'yan sanda su kawo shi.

Ga wani lungu da yawancinmu ba mu sani ba. A ƙarƙashin sashe na 125, babban mai binciken kuɗi na jiha ba shi ke tantance asusun irin waɗannan hukumomi da doka ta kafa kai tsaye ba. Yana ba su jerin sunayen ƙwararrun masu bincike, su zaɓi wanda suke so daga ciki, shi kuma ya yi sharhi a kan rahoton, ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Wato hukumar da ke karɓar tsabar kuɗi kullum daga hannun fasinja ita ke ɗauko mai duba mata littafi. Idan kwamitin sufuri da kwamitin binciken asusun gwamnati na majalisa suka yi barci, wa ya rage?

Ɓarnar kuwa ba wani sihiri ba ce. Kuɗin tikiti ya shiga aljihu maimakon asusu. A rubuta an sayo safaya sabuwa, a ɗaura tsohuwa. A ƙi ware kuɗin gyara, mota ta tsaya saboda ƙaramar matsala, a ciro kayanta a gyara wata, daga bisani a yi gwanjonta a asirce ga na jiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, jihohi da dama sun sayo motoci da sunan rage wa talaka raɗaɗi. Ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ne suka fi dogara da su, su ne kuma ke fara ɗanɗana kuɗarsu idan suka mutu.

Gaskiya ne majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa, kuma sauke manaja galibi yana hannun gwamna. Amma lalitar tana hannunta, don ba a fitar da kuɗi daga asusun jiha sai da amincewarta. Tana iya cewa ba sisi sai an kawo lissafin bara, tana iya miƙa rahotonta ga hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC ko ICPC. Abin da ke ba ni takaici shi ne ziyarar gani da ido da ake zuwa a motar hukumar da za a bincika, a dawo da yabo. In mai bincike ya zama ɗan amshin shata, to an yi ba a yi ba.

Mu ma sai mun gyara. Zato zunubi ne, kuma kiran mutum ɓarawo ba hujja ƙazafi ne da za a tsaya da mu a kansa gaban Allah. Mai gaskiya a cikin manajojin nan shi ma binciken fili ne zai wanke shi, zagin da muke yi ba ya raba mai laifi da marar laifi.

Don haka ku haɗu, ko ku goma ne, ku rubuta wa wakilin mazaɓarku takarda, ku kai kwafi ofishin akawun majalisa a buga muku hatimin karɓa. Tambayoyin su zama masu amsa da lamba: motoci nawa aka saya, nawa ke kan titi yau, nawa hukumar ta zuba a asusun gwamnati a shekarar da ta wuce, yaushe aka gabatar da rahoton binciken kuɗinta na ƙarshe. Idan lokacin kare kasafin kuɗi ya zo, ku nemi ranar da hukumar za ta bayyana gaban kwamiti, ku je ku zauna ku saurara, ku rubuta wanda ya yi tambaya da wanda ya yi shiru. Wanda kuma ya ga wakilinsa ya gaza, ya tuna cewa tun 2018 aka sauko da shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25.